Mu takwas ne, wasu gwanaye wasu ba su taɓa gwadawa ba: ina za mu je zamiyar ƙanƙara a Turai?

"Assalamu alaikum Yaya. Mu takwas ne muke son haɗa kuɗi mu je hutun sati guda na wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara a Turai, duk manya ne babu yaro ko ɗaya. Shida muna zaune a Ingila, biyu daga Abuja za su taso. Mutum biyu sun iya sosai, uku sun taɓa zuwa sau ɗaya, biyu ba su taɓa saka takalmin ba ma, ɗayar kuma yayata ce, ta ce ita kallo kawai za ta je yi. So muke mu biya kuɗi ɗaya komai a ciki kar a je ana ta lissafin wa ya ci me. Ba ma shan giya, ba ma cin alade. Ina kake ganin ya dace mu nufa?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. In na fahimce ki daidai, ba wurin da ya fi ko'ina kyau kike nema ba, wuri kike nema wanda mutum takwas masu buƙata iri huɗu za su yi sati guda a cikinsa su dawo suna magana da juna. Wannan ya fi wuya, don na sha gani an tafi ana dariya a filin jirgi an dawo kowa ya ɗaure fuska, gwani yana ganin an ɓata masa kuɗi yana jiran mutane a gindin dutse, ɗan koyo kuma yana ganin an jawo shi ne kawai an yar. Ni shekaruna sun haura goma ina zaune kusa da tsaunukan Alps ta ɓangaren Faransa, kusan duk hunturu sai na haɗa wa 'yan'uwa da abokai irin wannan tafiyar, don haka abin da zan faɗa ya fi ƙarfi a kan Faransa, Ostiriya da Italiya na je amma ba kamar nan ba, Bulgeriya kuwa sau ɗaya tak.

Abu ɗaya da nake so ki riƙe tun yanzu: ku zaɓi wurin saboda mutum biyun nan da ba su taɓa gwadawa ba, da yayarki. Gwanayen ba sa ba ni tsoro, in dai dutsen babba ne za su samar wa kansu abin yi. Wanda bai iya ba shi ne satinsa yake lalacewa in wuri bai dace ba, kuma in nasa ya lalace na kowa ya lalace.

Me "komai a ciki" yake nufi ne ma?

Toh a nan ne ake yi wa mutane wayo. A hutun bakin teku in an ce komai a ciki, ɗaki ne da abinci da abin sha, shikenan. A hutun ƙanƙara kuwa kuɗin gaske ba a abinci yake ba. Akwai katin lif, wato katin da ake hawa kujerun sama da motocin igiya da shi zuwa kan dutse, wanda a yankin Les 3 Vallées da ke Faransa na kwana shida yanzu yana kai wajen Yuro 400 a kan mutum ɗaya. Akwai kuɗin malami mai koyarwa, akwai hayar takalmi da allunan zamiya da sanduna da hular kwano, akwai motar da za ta ɗauko ku daga filin jirgi ta hau da ku dutse. Otal zai iya rubuta komai a ciki da manyan baƙaƙe alhali duk waɗannan huɗun babu ko ɗaya. Saboda haka duk tallar da kika gani, waɗannan huɗun za ki fara tambaya a rubuce kafin ma ki kalli hoton ɗakin.

Waɗanda suka fi kusa da cika alkawarin su ne Club Med, kamfanin Faransa ne da aka kafa tun 1950. A nasu tsarin ɗaki da abinci sau uku da abin sha da katin lif da darasi na rukuni duk suna cikin kuɗin, malaman kuma a wurarensu na Faransa 'yan ESF ne, makarantar koyar da zamiyar nan ta masu jajayen riguna. Hayar kaya ce yawanci ake biya daban, motar filin jirgi kuma ya danganta ko da jirginsu kuka saya. Abin da ya sa tsarin ya dace da irinku shi ne ranar farko ake raba mutane gwargwadon iyawarsu, 'yan koyo da malaminsu, 'yan tsakiya da nasu, gwanaye ma ana ba su nasu wanda ya san lungu da saƙon dutsen yana kai su inda ba za su gano da kansu ba, da rana kowa ya dawo teburi ɗaya. Ba wanda yake renon wani. Matsalarsa tsada, kuma ga wani abu da ya shafe ku kai tsaye: cikin kuɗin nan har da na giyar da ake sha ba iyaka, ku da ba kwa sha kun biya wa wasu kenan. Ban ce kar ku je ba, amma ki sani in kina kwatanta farashi.

Na biyu shi ne UCPA, wata ƙungiya ce ta Faransa da ba don riba aka kafa ta ba, tun 1965 take. Su har kayan zamiyar suna cikin kuɗin, ga katin lif ga darasi ga abinci sau uku, giya kuma wanda yake so shi zai saya da kuɗinsa, kinga ta wannan fannin lissafinsu ya fi yi muku adalci. Amma fa zaman kamar na makarantar kwana ne, ɗaki ɗaya mutum huɗu haka, sai ka ƙara kuɗi a ba ku na mutum biyu, ka ci abinci ka ɗauke tirenka da kanka. Kuma suna da iyakar shekaru, galibin shirye-shiryensu na 'yan 18 zuwa wajen 40 ne, wasu sun ɗan ɗara haka, don haka in yayarki ko mutanen Abuja sun manyanta a duba tukuna. Sannan tsarinsu na mai yin wasan ne, mai kallo bai cika samun gurbi ba. In da ku takwas duk samari da 'yanmata ne masu neman araha da tuni na ce UCPA na rufe baki.

Na uku shi ne ku kama gida guda na katako, shale suke ce masa, da mai dafa muku abinci. Turawan Ingila ne suka fi yin wannan. Karin safe, shayi da kek da la'asar, abincin dare, ma'aikatan kuma suna da ranar hutu ɗaya ko biyu a sati da za ku ci a waje. Katin lif da darasi ba sa ciki sai kin haɗa da kanki. Amma mutum takwas daidai yawan cika gida ne, gidan naku ne ku kaɗai, falon za ku iya shimfiɗa darduma ku yi jam'i ba mai kallonku, kuma tun kafin ku zo za ki iya gaya wa mai girki kifi da kaza da ganye kawai, kar a sa giya a miya. Gaskiya in akwai mutum ɗaya a cikinku mai juriyar shirya abubuwa, kuma da alama ke ce tunda ke kika turo tambaya, wannan ba abin rainawa ba ne.

Otal-otal na Ostiriya kuwa yawancinsu karin safe da abincin dare ne kawai, na Bulgeriya kamar a Bansko da Borovets akwai masu cewa komai a ciki amma abinci da abin sha suke nufi.

Fasalin dutsen ya fi otal ɗin muhimmanci

Hanyoyin zamiya launi ake ba su. A Faransa huɗu ne: kore na ɗan koyo, shuɗi mai sauƙi, ja mai gangara sosai, baƙi na gwanaye. A Ostiriya da Italiya da Siwizalan yawanci daga shuɗi ake farawa babu kore, don haka shuɗin can zai iya zama shimfiɗaɗɗe kamar filin Idi, zai iya kuma zama wanda zai sa ɗan koyo salati. Kuma ko a ƙasa ɗaya launin ba awo ba ne, kowane gari shi yake shafa wa hanyoyinsa, shuɗin Val d'Isère a wani garin ja za a kira shi.

In kin buɗe taswirar wuri kar adadin kilomita ya ruɗe ki. Les 3 Vallées suna da kilomita 600, yankin Paradiski, shi ma a Faransa, 425, amma ɗan koyo a satinsa na farko da wuya ya taka kilomita goma daban-daban. Abin dubawa shi ne ina filin 'yan koyo yake daga ƙofar masaukinku, kuma in mutum ya gama da filin akwai korayen hanyoyi dogaye da zai ƙaura zuwa gare su ko kuwa daga filin yara sai gangara mai ban tsoro? Sai kuma hanyar dawowa gida da yamma, wannan mutane ba sa dubawa sam. Akwai garuruwan da hanyar saukowa cikin gari ja ce, da ƙarfe huɗu ta cika da gajiyayyu, ƙanƙarar ta daskare ko ta yi tudu-tudu, 'yan tsakiyar nan naku uku a nan za su sha wuya.

Sai batun otal ya kasance a bakin hanyar zamiya, ka fito ƙofa ka ɗaura ka tafi, ka dawo har ƙofa. Wanda bai taɓa saka takalmin nan ba ba zai gane dalili ba. Takalmi ne na roba mai tauri, nauyi gare shi, ya riƙe idon sawu gam ba ya lanƙwasuwa, tafiyar minti goma a cikinsa kana saɓe da alluna a kafaɗa kana neman bas ta ishe ka gajiyar yini tun kafin a fara. Kuma duk amfanin abincin rana da kuka biya yana kan wannan. Na taɓa kai mutane wani otal mai araha da ke can ƙasan kwari, abincin rana yana cikin kuɗi amma sai ka sauko da motar igiya ka jira bas, zuwa da dawowa kusan awa biyu, rana ta biyu kowa ya haƙura muka koma sayen abinci a kan dutse da tsada, wato muka biya sau biyu. Araha ba ta ado dai.

Ga kuma wata doka da nake kafa wa duk rukunin da na haɗa: gwani ba zai koya wa nasa ba. Miji ba zai koya wa mata ba, aboki ba zai koya wa aboki ba. Wata shekara wani abokina ya ga matarsa ta iya tsayawa rana ta biyu, ya ce ai kin iya zo mu hau sama ki ga wuri, ya kai ta kan jar hanya. Baiwar Allahn nan cire allunan ta yi ta sauko da ƙafa tana kuka, kusan awa guda, sauran kwana huɗun a ɗaki ta yi su. Ba mugunta ya yi ba, gwani ne yake manta yadda gangara take a idon wanda bai saba ba. Malamin da aka horar ya san lokacin da zai ƙara wa mutum gangara da lokacin da zai bar shi. Shi ya sa nake cewa a cikin "komai" ɗin nan darasi ne ya fi komai daraja.

Wuraren da zan duba, da waɗanda zan tsallake

Da ni ne da rukuninku, Alpe d'Huez zan fara dubawa. Garin yana kan tudu mita 1,860, kuma dutsen kamar an zana shi ne don irinku: daidai saman gari wani faffaɗan kwano ne cike da korayen hanyoyi, in ka ƙara hawa ka shiga shuɗi da ja, can ƙoli a Pic Blanc, mita 3,330, nan gwanaye za su samu Sarenne, baƙar hanya mai tsawon kilomita 16. Kowa ya gangaro wuri ɗaya yake ɓullowa, kinga haɗuwar rana ba ta da wahala. Yayarki ma ba za ta zauna a ɗaki ba, gari ne sosai mai shaguna da wurin iyo da filin zamiyar takalmi, kuma ana sayar wa masu tafiyar ƙafa katin hawa motar igiya har ƙoli ta je ta ɗauki hotonta. Aibinsa biyu. Yawancin dutsen kudu yake kallo, rana tana dukansa, daɗi ga mai jin sanyi amma a ƙarshen Maris da yamma ƙanƙarar ƙasa takan jiƙe ta yi nauyi. Sannan hanyar hawa garin lanƙwasa 21 gare ta, ita ce masu tseren keke na Faransa suke hawa, mai amai a mota ya sha magani tun daga ƙasa.

Na biyu La Plagne da Les Arcs, waɗanda motar igiya ta Vanoise Express ta haɗe su tun 2003 suka zama Paradiski. La Plagne aljannar 'yan tsakiya ce, shuɗayen hanyoyi masu faɗi ba iyaka, mutum ukun nan da suka taɓa zuwa sau ɗaya za su dawo suna jin kansu gwanaye. Gwanayen gaske kuma su tsallaka Les Arcs su sauko daga Aiguille Rouge, mita 3,226, har ƙauyen Villaroger, saukar wajen mita 2,000 a zama ɗaya. Club Med suna da masauki a La Plagne da Peisey-Vallandry da kuma Les Arcs Panorama da aka buɗe a ƙarshen 2018. Wani abin da nake so da Les Arcs, jirgin ƙasa yana zuwa har Bourg-Saint-Maurice, daga tasha kuma ƙaramin jirgin dutse zai hau da kai Arc 1600 cikin minti bakwai, babu kwane-kwanen mota. Sai dai La Plagne ba gari ɗaya ba ne, ƙananan unguwanni ne a warwatse a jikin dutse, mai kallo zai iya gundura, ko da yake akwai hanyar tseren keken ƙanƙara da aka gina don gasar Olamfik ta 1992 kuma har yanzu ana ɗaukar baƙi a kai, in yayar taki mai ƙarfin hali ce.

Val Thorens kowa zai ambata miki shi. Mita 2,300, ya fi kowane garin zamiya a Turai tsayi, ƙanƙara ba ta yankewa daga ƙarshen Nuwamba har farkon Mayu, kusan kowane masauki a bakin hanya yake, filin 'yan koyo a tsakiyar gari. Amma babu bishiya ko ɗaya a tsayin nan, ranar da hazo ya sauko ko iska ta taso sama da ƙasa duk fari ne ba ka gane tudu da rami, ga sanyi mai ratsa ƙashi. A Maris ko Afrilu zan kai ku can da farin ciki, a Janairu da mutanen da suka taso daga Abuja kai tsaye, a'a.

In doguwar tafiyar mota ce ba kwa so, don daga Jeniba zuwa Val Thorens ko Les Arcs wajen awa uku ne in hanya ta yi kyau, to Samoëns a yankin Grand Massif awa ɗaya da 'yan mintuna ne kawai. Ta Italiya kuma akwai Pragelato kusa da Sestriere, inda aka yi wani ɓangare na gasar Olamfik ta Turin a 2006, abinci ya fi sauƙi a can ga wanda ba ya cin nama, taliya da fiza da kifi.

Waɗanda zan ce ku bari sai wani lokaci: Chamonix, suna gare shi kuma yayarki za ta fi jin daɗinsa fiye da ko'ina, amma wuraren zamiyarsa a rarrabe suke sai da bas, 'yan koyo suna gabas gwanaye suna yamma, ba za ku haɗu ba sai dare. St Anton a Ostiriya na gwanaye ne da masu shagalin giya da yamma. Bansko akwai araha ƙwarai kuma ɗan koyo zai ji daɗi, amma kilomita 75 ne, gwanayenku kwana biyu sun gama da shi, ga layin motar igiya da safe.

Tsayi da sikila

Wannan ba za ki gan shi a tallar kowane kamfani ba, amma mu ya shafe mu. Ki tambayi kowa a keɓe ko akwai mai sikila. Tsayi yana rage iskar da jini yake ɗauka, ga sanyi, ga bushewar jiki, ga wahalar motsa jiki, duk abubuwan da suke tayar da ciwon ne a haɗe wuri ɗaya. Ko mai AS da bai taɓa jin komai ba, a kan dogon dutse akan samu wanda saifarsa take kamuwa, ciwo mai tsanani a hagun ciki ta sama, in haka ta faru ba a jira, a sauko a nemi asibiti. Ni ba likita ba ne, wanda abin ya shafa ya ga likitansa kafin a biya ko sisi. In har akwai, lissafin wuri ya canza gaba ɗaya, a manta da garuruwa masu tsayi irin Val Thorens da Tignes, a koma kwana a ƙasa-ƙasa, irin ƙauyukan SkiWelt na Ostiriya kamar Söll da Ellmau da ba su kai mita 1,000 ba, ko da kuwa ƙanƙarar can ba ta da tabbas kamar ta sama. Sauran ma masu lafiya, daren farko a mita 2,000 ciwon kai da rashin barci ba abin mamaki ba ne, a sha ruwa da yawa.

Abinci, sallah da sauransu

Abincin gargajiyar yankin Savoie na tsaunukan Faransa alade ne da cuku da giya, ba ɓoye-ɓoye. Tartiflette dankali ne da cuku da gutsattsarin alade a ciki, fondue da farar giya ake narka cukun, raclette da yankakken naman alade ake kawo shi a gefe. A Ostiriya ma soyayyen naman nan schnitzel sau da yawa na alade ne sai ka tambaya. A nan babban teburin ɗebi-da-kanka na otal yake da amfani, kullum akwai kifi da ƙwai da shinkafa da taliya da ganye, ba za ku kwana da yunwa ba. Naman halal kuwa kar ki ɗauka akwai, ki rubuta musu ki tambaya su amsa a rubuce. Ni dai yajina da garin kunu ba sa barin jakata, kilishi ne ba a shiga da shi Tarayyar Turai daga waje, ki gaya wa mutanen Abuja, har ku na Ingila ma dokar nama da madara ta hau kanku tun bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar.

In kuka zaɓi Ostiriya ki gargaɗi kowa game da ɗakin sauna na otal, a al'adarsu tsirara ake shiga kuma maza da mata a haɗe, kar wani ya buɗe ƙofa ya fito da salati. A Faransa da kayan iyo ake shiga. Sallah kuma, ranakun Disamba da Janairu gajeru ne, azahar da la'asar kusa suke da juna, masauki a bakin hanya shi zai ba ku damar cire takalmi ku yi alwala da ruwan ɗumi lokacin abincin rana, hukuncin matafiyi kuwa ku tambayi malaminku. Ga mata, ɗankwali mara kauri irin na wasanni yana shiga ƙarƙashin hular kwano lafiya lau, kayan zamiyar ma dama masu faɗi ne sun rufe ko'ina, kawai kar a bar gyale yana lilo don yana iya maƙalewa a kujerar lif. Ku duba kalanda kuma, shekarun nan azumi a tsakiyar lokacin ƙanƙara yake faɗowa, na 2027 ana sa ran zai kama wajen 8 ga Fabrairu, biyan abinci sau uku da darasin yini guda kana azumi asara ce.

Lokaci, biza da inshora

Ku guji satin Kirsimeti da sabuwar shekara, ku guji Fabrairu, don makarantun Faransa suna hutu bi-da-bi kusan sati huɗu har farkon Maris, na Ingila ma a tsakiyar watan, farashi ya hau layi ya yi tsawo. Ku da ba ku da yara ba abin da ya haɗa ku da wannan cunkoson. Sati na biyu zuwa na huɗu na Janairu ya fi araha amma ya fi sanyi, tsakiyar Maris zuwa ƙarshensa rana ta fito yini ya yi tsawo, shi na fi so wa 'yan koyo in dai wurin yana da tsayi. Ku kama sati cikakke, don darasin sabbin shiga farkon sati yake farawa, wanda ya zo Laraba ya tarar ajin ya yi nisa.

Mai fasfon Najeriya, ko a Ingila yake zaune, sai da bizar Shengen, kuɗinta Yuro 90 tun 2024, ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, kuma ofishin ƙasar da za ku kwana a cikinta ake nema, ko da a Jeniba jirgi zai sauka in Faransa za ku zauna bizar Faransa ce. Shawarata kar a biya kuɗin da ba a mayarwa sai bizar mutanen Abuja ta fito, ko a sayi tsarin da ake iya sokewa. In wani ya kawo shawarar Andorra, wuri ne mai kyau ga 'yan koyo musamman Soldeu, amma ba ta cikin Shengen kuma ba ta da filin jirgi, ta Faransa ko Sifen ake shiga a fito, don haka biza mai shiga sau da yawa ake buƙata.

Inshorar da ake nema don biza, mai biyan kuɗin magani har Yuro 30,000, sau da yawa ba ta ɗauke da wasan ƙanƙara, sai kin ga an rubuta ƙarara. A Faransa in ka faɗi aka sauko da kai a gadon ceto kuɗi za ka biya, ɗaruruwan Yuro, in jirgi mai saukar ungulu ne dubbai, katin lafiya na GHIC na mazauna Ingila bai ɗauki wannan ba. A yankin Savoie ana sayar da wata 'yar inshora Carré Neige tare da katin lif, 'yan Yuro kaɗan a rana. Italiya kuma tun 2022 ta wajabta inshorar da za ta biya in ka buge wani.

To in kin matsa sai na faɗi ɗaya: in kuɗin ya kai kuma babu mai sikila, Club Med na Alpe d'Huez a tsakiyar Maris, in ba a samu ɗaki ba Les Arcs Panorama. Ki tambaye su farashin wanda ba ya zamiya saboda yayarki kar ta biya katin lif da darasin da ba za ta taɓa ba. In kuɗin bai kai ba, ku kama shale a Alpe d'Huez ɗin ko La Plagne a bakin hanya, ki haɗa katin lif da darasi da haya ki raba takwas tun kuna gida kowa ya turo kafin a tashi. Mutum biyun da ba su taɓa gwadawa ba kuma, tunda ba a fafe gora ranar tafiya, su je su yi darasin yini ɗaya a ɗakin ƙanƙara na cikin gida, akwai a Manchesta da Hemel Hempstead da Milton Keynes, in kuma su ne na Abujan kuma hanya ta bi da su Dubai akwai a can. Jaket da wando su ara ko su saya na hannu, safar hannu mai kyau da tabarau da doguwar safa guda ɗaya a ƙafa, ba biyu ba, biyu ƙara matse takalmin suke yi ƙafar ta fi yin sanyi.